Jegon Ramatu a Ajin Lakwal

Tun da kun ce in koya muku wankan jego, ku zauna ku ji, ku kuma aje wayoyin nan. Na ji abin da ɗayarku ta faɗa a bakin ƙofa, wai ai ba wani abu ba ne, ruwa ne a tafasa, a tsoma ganye a fyaɗa wa mace, a karɓi sabulu da turmin zane a koma gida. Har an ce mini kun sa an zana muku talla da hoton tukunya da furanni, za ku watsa a waya. Ba ku taɓa riƙe ganye mai zafi ba, amma talla ta riga ta fito. To, madalla.

Ni Hajo, wadda ƴan unguwar Yantala ke ce wa Inna Hajo, daga wajen Madawa na zo Yamai ina ƙaramar bazawara. Na sauka gidan ƙanwar ubana, Gwaggo Dije, wadda ita ce mai wankan jegon Hausawan wannan ɓangare na gari. A ƙauye wannan ba sana'a ba ce. Mace in cikin farinta ya tsufa sai ta koma gidansu, uwarta da kakarta su yi mata komai har ta yi arba'in. Birni ne ya mai da shi sana'a. Ɗan kasuwa ya auro yarinya daga Maraɗi, direba ya kawo tasa daga Ƙonni, ya aje ta a ɗakin haya cikin mutanen da ba ta jin yarensu sosai, uwarta tana can nesa. Ranar da ta haihu, mu ake nema.

Gwaggo Dije ta daɗe ba ta bar ni na taɓa jikin mace ba. Itace nake ɗauka, in jawo ruwa, in hura wuta, in kankare rabin tano, gangar ƙarfen da muke tafasa ruwa a ciki. In hau in karyo ganyen dogon yaro, in nemo sabara, in tafi kasuwar Petit Marché in sayo citta da masoro da kanumfari na yajin jego. Ta koya mini gwada zafin ruwa da gwiwar hannu, da yadda ake girgije ganye kafin ya sauka a fata, da inda ake farawa da inda ake ƙarewa, da ɗaurin ciki wanda ba zai hana mace numfashi ba. Duk wannan za ku iya koya kafin damina ta wuce. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tambayoyin da take yi mini a hanyar komawa gida. Sai ta ce, kunun da muka bari jiya, an sha ko yana nan? Da jinjirin ya yi kuka, wa ya fara miƙa hannu? Da muka yi sallama, mai jegon ta ɗago ta dube mu? In na ce ban lura ba, sai ta ce to ashe wuta kawai na je hurawa.

Kayan aiki sun canza tun daga lokacin. Akwai gidajen ma'aikata a unguwar Plateau inda buta ta gaz, tukunyar gas ta girki, ake kunna mini, bayin kuma duk tayil, ina wanka ina tsoron santsi, madam tana riƙe da waya a hannu ɗaya tana ce mini in yi sauri. Kanwar kunu mun rage ta sosai, zafin ruwa ma haka, domin ungozomomin likita sun ce suna wahalar da zuciya, ni kuma na ga kumburin ƙafa da haki da idona, ban yi musu gardama ba. Har gobe kuwa sai na yi faɗa da surukai a kan wannan. Tsohuwa ta tsaya a kaina tana cewa in ba fata ta yi ja ba ai ba a yi wanka ba. Jikin ba nata ba, amma ita ke son a dafa shi.

Abin da ba ku sa a tallarku ba shi ne wannan: wurin wanka shi kaɗai ne inda mai jego take ita kaɗai. Babu ƴan barka, babu uwar miji, babu jinjiri a hannu. Kin zaunar da ita a ƴar kujera, ba zane, ba ɗankwali, kina bayanta. Abin da ta yini tana haɗiyewa, nan yake fitowa. Yawancinsu sukan yi kuka a kwanakin farko, su kansu ba su san dalili ba, in nono ya kawo, barci ya ɗan samu, sai ya wuce. Amma akwai waɗanda nasu ba ya wucewa. Gwaggo Dije ba ta san sunan abin ba, cewa take yi mace ta sauka amma zuciyarta ba ta sauka ba, maganinta kuma shi ne ta zauna da ita ta yi ta hira. Sunansa daga baya na ji shi, a bakin Madam Fati, ungozomar gidan haihuwa na unguwarmu. Bazabarma ce, Hausarta ta kasuwa ce, takan ce wa mace "kai", amma aikinta ta san shi. Ita ta tara mu masu wankan jego a gindin bishiya a harabar likita, wato asibiti, ta ce mana ciwon damuwa ne, yana kama mace tun tana da ciki ko bayan ta haihu, yana da magani, kuma yana kisa. Na je taron ina gunaguni don an hana ni aikin safe. Bayan nan kuwa abin da ta faɗa ya yi mini rana.

Shekarar da kogi ya cika ya shiga unguwanni, ita ce shekarar da ban taɓa ganin irinta ba a sana'ar nan. Gidajen laka na bakin ruwa suka zube, aka kwashe mutane aka zuba su a ajujuwan lakwal, wato makarantar boko. Itace duk ya jiƙe, wanda ya bushe kuma tsadarsa ba a magana. Sai in yini ina hura wuta, hayaƙi ya cika mini ido, ruwa ya ƙi tafasa. Haihuwa kuwa ba ta tsaya ba don gida ya rushe.

A cikin wannan hali wani tela mai suna Lawali ya zo nemana. Mutumin wajen Madarunfa ne, yana ɗinki a wata baranda kusa da kasuwa. Ɗakinsu ya faɗi, keken ɗinkinsa kawai ya fitar a ka, matarsa Ramatu kuma ta ratso ruwa har ƙugu da tsohon ciki. Cikin fari ne. Da an so ta tafi gida haihuwa, sai ruwa ya yanke hanya, mahaifinta kuma yana kwance ba lafiya, uwar ba ta da halin barinsa. Ta haifi ɗa namiji a likita, aka sallamo ta zuwa ajin lakwal. Ya ce mini, Inna, ba ta da kowa a garin nan sai Allah sai ni, ni kuma ban san komai a kan jego ba.

Na tarar da ajin an jibge teburan yara a kusurwa, an rataya zannuwa a igiya, kowane iyali da ɗan sashensa. Darasin ƙarshe yana nan a allo ba a goge ba. Tabarmar Ramatu tana can ƙarƙashin taga. Wurin wanka ni na haɗa shi a bayan aji, jikin katanga, da buhunan shinkafa da sanduna. Ruwa kuma sai an bi layi a famfo guda da ke tsakar lakwal.

Wankan farko ya isa ya nuna mini akwai magana. Mace in ganye ya sauka a bayanta sai ta zabura, wata ta yi salati, wata ta roƙe ni in surka, wata har ta zage ni ta dawo tana ba ni haƙuri. Ramatu ko motsi ba ta yi ba. Na fyaɗa, na sake fyaɗawa, tana zaune tana kallon katanga kamar bayan wata nake wankewa. Da muka koma aji na ga kwanon kunu an rufe shi yadda aka kawo. Jinjirin ya yi kuka, sai da wata ta ɗauke shi ta ɗora mata a cinya, ta ba shi nono ta kau da kai.

Matan ajin kuwa yabo suke ta yi. Akwai wata tsohuwa a cikinsu, Iya Gambo, mai sayar da ƙosai kafin ruwa ya cinye rumfarta, ita ce kan gaba. Wai ga yarinya mai tarbiyya irin ta da, jaruma ce, ruwan zafi bai sa ta ko tari ba, ga kunyar ɗan fari, ko kallonsa ba ta yi. Ku da kuka tashi a birni wataƙila ba ku san wannan ba: a wajenmu mace tana kawaici a kan ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Amma ni na wanke masu kunyar ɗan fari da yawa. Mai kunya tana satar kallo. In ba kowa, sai ta shinshina kansa. In ya yi kuka tana wurin wanka, sai ki ga kafaɗarta ta motsa, ta ce Inna mu yi sauri. Ramatu in ta ji kukansa daga bayan aji, runtse ido take yi.

Aka yi suna a tsakar lakwal, ba wani taro. Duk wanda ya zo barka kuwa magana ɗaya ce a bakinsa: ki gode wa Allah, wasu sun rasa ƴaƴansu a ruwan nan, ke ga shi an ba ki namiji. Zabarmawan ajin su ce kala suuru, Hausawa su ce sai haƙuri. Ita kuma ta ce alhamdu lillahi, ta sunkuyar da kai. Wannan magana tana ba ni haushi har yau. Wa ya ce musu ba ta gode ba? Ai sanin da ta yi cewa ya kamata ta yi murna, ga shi kuma ta nemi murnar ta rasa, shi ke cinta. Kowa ya zo ya ƙara mata dutse a ka, ya tafi yana ganin ya yi nasiha.

Ba a tambayar irin wannan mace ido da ido. Sai kin gama wanka, kina shafa mata man kaɗe a baya, ba ta ganin fuskarki, sannan ki jefa ƙaramar tambaya. Kin samu barci? In yaron ya yi barci ke ma kina yi? Me kika ci tun safe? Na yi ta yi, amsa ɗaya: lafiya lau, Inna. Ban matsa ba, ban kuma daina ba. A hankali na gane barci ba ta yi ko kaɗan, ko yaron ya yi shiru idonta biyu. Na gane kuma abin bai fara da haihuwa ba. Tun cikin yana ƙarami take yini a ɗaki ita kaɗai, Lawali yana kasuwa, maƙwabta ba ta jin yarensu, takan yi kuka ta wanke fuska kafin ya dawo. Wajen awon ciki an auna ta, an duba jininta, ta ce lafiya lau, aka rubuta lafiya lau.

Wata rana a wankan la'asar, ina matse mata baya, sai ta tambaye ni ko daga lakwal ɗin zuwa bakin kogi da nisa. Na ce me za ki yi a bakin kogi? Ta ce ba komai. Ban tsayar da hannuna ba, na ci gaba da shafa mai. Can sai ta ce:

"Inna, yaron nan da wata aka ba wa da ya fi masa. Ina kallonsa ba na jin komai. In ba na nan, matan ajin nan za su riƙe shi da kyau, sun fi ni iyawa."

To, a nan ne ake gane mai sana'a da mai tafasa ruwa. Na san abin da za ku yi da ku ne. Ɗaya za ta saki salati ta tara mutane, ɗaya ta fara wa'azin wuta, ɗaya kuma ta ce haba ke kuwa, daina wannan magana, ta ɗaura mata zane ta gudu gida tana addu'ar kada a sake tayar da zancen. Duka ukun rufe mata baki ne, kuma in ta rufe ba za ta sake buɗewa ba. Madam Fati ta ce mana a gindin bishiyar nan, in mace ta kewaya, ke kada ki kewaya, tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu shi a ransa. Sai na zagayo gabanta, na tsuguna.

"Ramatu, kashe kanki kike tunanin yi?"

Ta gyaɗa kai. Sai a lokacin hawaye suka zo.

Na ce mata ta kyauta da ta faɗa mini, kuma ba ita ce ta farko da ta faɗa mini haka a kan kujerar nan ba. Na ce wannan ciwo ne kamar zazzaɓi, ba mugun hali ba ne, ba rashin imani ba ne, akwai masu maganinsa, kuma yau ba zan bar ta ita kaɗai ba. Ta riƙe hannuna ta ce don Allah kada in faɗa wa matan aji. Na ce su ba zan faɗa musu ba sai da yardarta, amma maigidanta da Madam Fati dole su sani, kuma a gabanta zan faɗa, ba a bayanta ba. Na ɗaura mata ciki yadda na saba, na sa mata zane, na zaunar da ita kusa da murhu inda idona ke kanta. Akwai wata mai jego da ke jirana a Plateau. Ban je ba. Na kira Madam Fati a waya, ta ce in kawo ta yanzu kafin ta tashi aiki. Na kira Lawali na ce ya bar abin da yake yi.

Ya zo da zaren awo a wuya. Na ja shi gefe, Ramatu tana ji, na faɗa masa. Sai ya fara kawo mini dalilai. Wai shi ya san abin da ke damunta, iska ce ta kama ta ranar da ta ratsa ruwa da ciki, ya riga ya karɓo rubutu da hayaƙi, a ba su lokaci su yi aiki. Wai me ta rasa, nama yana sayowa, ko tsawa bai taɓa yi mata ba. Da na ambaci likita sai ainihin abin ya fito: in aka ji ya kai matarsa wajen likitan ƙwaƙwalwa, za a ce mahaukaciya yake aure, labari ya kai har garinsu, yaron ya tashi ana nuna shi. Ga ɗinkin mutane kuma ya yi alkawari.

Lawali ba mugu ba ne, wannan na sani. Gidansa ya rushe, yana kwana a baranda da sauran maza, shi ma a rikice yake. Amma ba ni da lokacin lallashi. Na ce rubutu ta sha, addu'a mu yi ta yi, babu mai hana wannan, likita kuma yau za a je. Ya sake cewa mutane fa, Inna.

"Lawali," na ce, "mutanen nan da kake jin kunya, su ne za su zo maka gaisuwar mutuwa, su ci shinkafa su tafi su bar ka da jinjiri."

Ya dubi matarsa, ta kasa ɗago kai. Ya cire zaren awon daga wuya ya cusa a aljihu, ya fita neman taksi.

Madam Fati ta shiga da ita ɗaki su biyu, suka daɗe. Mu muna waje a benci, yaron yana hannuna, Lawali yana ta duba ƙofa kada wani wanda ya san shi ya shigo. Da Madam Fati ta fito ba ta yi masa faɗa ba. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani da Hausarta mai karkacewa, cewa jikin mace yana juyawa bayan haihuwa, in aka haɗa da kaɗaici da firgita da rashin barci, sai ciwon ya samu wurin zama, kuma ba laifinsa ba ne, ba na matarsa ba ne. Ta tura mu babbar likita, babban asibitin gari, wajen masu duba irin wannan ciwo, ta kira can da kanta ta ce muna zuwa. Can aka ba Ramatu magani wanda ba ya hana shayarwa, aka sa mata ranakun dawowa don a riƙa zama da ita ana magana. Likitan ya ce abu biyu ba sa cikin kwalba: kada a bar ta ita kaɗai, kuma dole ta samu barci.

Faɗa da baki da sauƙi. Barci a ajin da iyalai suka cika, yara na guje-guje, rediyo na yi, wannan na daka, waccan na faɗa da mijinta ta taga? Na ce wa Ramatu ni kaɗai ba zan iya ba, ina da wasu gidaje, dole mu sa wani a ciki. Da ƙyar ta yarda a faɗa wa Iya Gambo. Tsohuwar nan ta saurare ni ta taɓe baki. Ta ce su a zamaninsu sun haihu a gona sun ɗauko itace sun dawo, ba su san wani ciwon damuwa ba, yaran yanzu dai sangarta ta yi musu yawa. Na buɗe baki zan mayar mata, sai na ga ta miƙa hannu ta ɗauki yaron ta saɓa a baya. Daga ranar, kullum bayan wankan safe ita ke goya shi ta fita da shi gindin bishiya, ta kori yara daga bakin tagar, ba ta dawo da shi sai yunwa ta tashe shi. Ta matso da tabarmarta jikin ta Ramatu. Ba ta fasa cewa sangarta ce ba, ko sau ɗaya. Ni kuma na daina gardama da ita, tun da bayanta yana aikin da bakinta ya ƙi.

Kada ku ɗauka daga nan sai aka warke. Maganin ba ya aiki rana ɗaya. An yi kwanaki kamar ba a fara komai ba, Lawali yana cewa ai ga shi nan, ya faɗa. Da ta ɗan fara cin abinci kuma sai ya ce ta warke, a bar ƙwayoyin. Wata yayarsa ta bugo waya daga garinsu ta ce maganin Nasara zai lalata nono, yaron ya zama dolo. Ita ba ta taɓa ganin yaron ba, ba ta ga uwar ba, amma daga nesa ta gama bincike. Sai da na sake jan Lawali zuwa wajen Madam Fati ta maimaita masa cewa ba a yanke wannan magani sai likitan da ya ba da shi ya ce. Ni kuma a wannan tsakani gidaje biyu na rasa a Plateau, wai ba na zuwa a kan lokaci. Suka ɗauki wata mai zuwa a kan lokaci.

Ana gab da gama wankan arba'in, wata safiya itacen ya yi kirki, ruwa ya tafasa sosai. Na girgije ganye na sauke mata a kafaɗa, sai ta zabura ta dafe wurin ta ce, wayyo Inna, yau kam ki surka, so kike ki saɓule ni? Na surka. Da muka koma ta shanye kunu ta ce yaji ya yi kaɗan. Bayan arba'in ban daina zuwa ba, ko da yake babu sauran wanka. Nakan biya in zauna, in ga ko ta je ranar likita, in ga wa ke riƙe da yaron. Sannu a hankali na fara tarar da shi a hannunta. Ranar da na ji tana yi masa faɗa don ya ja mata ɗan kunne, na san zan iya rage zuwa.

Ba duka muka samu haka ba a shekarar nan. A wani ajin na wannan lakwal ɗin akwai matar wani direba da na ga alamu iri ɗaya a jikinta. Na yi wa mijin magana, ya ce na ji Inna, na gode. Kashegari na zo da ganyena na tarar ya sa ta a mota an kai ta ƙauye, wai can za a yi mata maganin gida. Ban sake jin labarinta ba. Na tambayi direbobin tasharsu har na gaji.

Shi ya sa in kun ce mini ruwa ne da ganye nake jin kamar in kore ku. Za ku shiga gidajen mutane a kwanakin da mace ta fi kowane lokaci rauni, za ku ga abin da mijinta bai gani ba, ku ji abin da ba ta faɗa wa uwarta ba. Ku ba likitoci ba ne, ni ma ba likita ba ce, ban taɓa ba wa mace ƙwaya ko ɗaya ba. Amma dole ku san ƙofar da za ku ƙwanƙwasa, ku san ungozomar unguwar da kuke aiki, ita ma ta san ku. Dole bakinku ya iya riƙe magana, don ranar da sirrin mai jego ɗaya ya fita daga bakinku, babu wadda za ta sake cewa komai a kan kujerarku. Kuma aikin ba ranar haihuwa yake farawa ba. Ni yanzu in an yi mini maganar wanka, tun matar tana da ciki nake zuwa in gan ta, in zauna in sha ruwan gidan, in ji yadda take kwana.

Su Ramatu daga baya sun samu ɗaki a wata unguwa can kan tudu, nesa da ruwa. Yaron ya yi wayo har an sa shi lakwal. Bara da rani ina tsakar gida ina tsinke ganye, sai na ji tsayuwar moto, babur ɗin nan, a ƙofa. Ramatu ce ta shigo, ga ciki ya fara fitowa. Muka gaisa, ta ƙi zama. Ta ce, "Inna, barcin ya fara gudu, kuma jiya na yi kuka ba dalili. Na ce wa maigidan kada mu jira ya yi nisa. Ki raka ni wajen Madam Fati."

Na ɗauki mayafina. A waje Lawali yana kan moto, ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni, ya tare mana taksi, shi ya bi mu a baya. A harabar likita muna zaune a benci sai ga wani abokin sana'arsa ya kawo tasa matar awo, ya tambaye shi lafiya dai? Lawali ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce ai iyali ce ke fama da ɗan tansiyo, hawan jini, in ta samu ciki sai ya motsa. Ramatu ta dube ni, na dube ta. Shekara da shekaru, mutumin nan shi ke sayo maganin a farmasi, shi ke tuna mata ranar likita, amma har yau bakinsa ya kasa furta sunan ciwon. Na yi niyyar gyara masa, sai aka kira sunanta, ya yi wuf ya ɗauki jakarta ya riƙe mata ƙofa. Na bar shi. In dai zai kawo ta, ya kira shi abin da ya ga dama.